Ragon Tukuicin Linuks

Filinge, bayan girbi.

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Hasana, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinki, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Salisu da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara masa buɗi a kasuwa, ya raba ku da sharrin baƙunta, ya sa ciwon ƙugun nan da kika yi mini kuka da shi ya zama kaffara. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi mana adalci bana. Gero ya yi daidai gwargwado, wake kuwa har ya ba mutane kunya, don waɗanda suka yi ta kukan ruwa ya makara su ne yanzu ke yawon neman buhu. Hanya dai sai addu'a, kin san halin da ƙasar take ciki, Allah ya kawo mana kwanciyar hankali. Gwiwata tana nan da halinta, ita ke gaya mini sanyi ya kusa tun kafin rediyo ya faɗa. Gwaggo Haske tana nan da ƙarfinta. Haƙora sun ƙare amma goro bai ƙare ba, a magogi ake goga mata. Habibu yana kira daga Aljeriya duk ranar da ya tuna yana da uwa, Nasiru kuwa an sake ɗaga shi da aiki, yanzu yana Damagaram shi da iyalinsa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, alhali kullum murya muke aika wa juna ta waya. Wallahi na gwada. Ina farawa da dariya, kafin in kai tsakiya sai in ji ina jan hanci, sai in goge. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, na ce tsohuwar malamar lakwal da ta ƙare rayuwarta a aji ba ta rasa hannun rubutu ba. Safi maƙwabciyata za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki, don ba na son ɗiyata Anisa ta karanta. Maganar tata ce, kuma akwai roƙo a ƙarshe, amma ki yi haƙuri in ɗauko miki ita daga tushe.

Kin sani tun rasuwar mahaifinsu, da mazan suka watse neman abinci, Anisa ce kaɗai ta rage mini. Shekarun da ta yi a Yamai tana karatun ordinata, wato kwamfuta, ni da bango muke hira. Da ta gama ta dawo da diplom, ba ni da addu'ar da ta wuce Allah ya ba ta aiki a nan Filinge, kusa da ni. To amma wa ke ɗaukar mai karatun ordinata a garin nan? Har ta fara haɗa jaka za ta koma Yamai neman aiki, sai na yafa mayafi na tafi wurin Yaya Abdulgafar. Kin san Yayanmu, ba sai na zana miki shi ba. Mangaza uku gare shi yanzu, manyan shagunan ajiye kaya, ta nan da ta Damana da ta Sanam, hatsi da wake da dusar dabbobi, kuma har gobe in ya yi kyauta yana so a ji ta a ƙarshen layi. Ya ce ya ji, zai ɗauke ta gwaji zuwa ƙarshen kaka. In ta warware masa matsalar injunansa, ta zauna ta zama mai kula da su. In ta kasa, zumunci daban kasuwa daban, ta nemi gabanta.

Matsalar kuwa ita ce ordinatocin sun tsufa. A cikinsu ake rubuta duk buhun da ya shiga da wanda ya fita, su ke fitar da faktir, wato takardar kuɗin kaya, su ke gaya wa Yaya abin da ya rage a Sanam yana zaune a kan tabarmarsa a nan. Yadda Anisa ta fahimtar da ni, kowace ordinata tana da wani babban tsari a ciki wanda shi ne kamar gida, sauran ayyukan duka 'yan haya ne a cikinsa. Gidan da na Yaya suke ciki sunansa Windows. Masu shi sun daina kula da wancan tsohon samfurin, sun koma sabo, sabon kuwa ya fi ƙarfin tsofaffin injuna. Wani mai sayar da kayan buro, wato na ofis, daga Yamai ya zo ya duba, ya ce magani ɗaya ne, a zubar da su duka a sayi sababbi a wurinsa. Anisa ta ce ba sai an zubar ba. Akwai wani tsarin da ake kira Linuks, mara nauyi, wanda tsohon inji zai ɗauka yana gudu, akwai kuma wani lojisiyal, wato manhaja, na lissafin kaya da ke zama a cikinsa. Aikin dai shi ne a kwashe 'yan hayar da kayansu a kai su sabon gida ba tare da an fasa ko tukunya ɗaya ba. Yaya da ya ji ba sai an sayi sababbi ba, bai ƙara tambayar komai ba, ya ce bisimilla.

Hasana, yarinyar nan ta sha aiki. Kafin ta taɓa komai sai da ta kwafe duk abin da ke cikin injunan ta adana a wurare daban-daban, ɗaya har a akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa. Ta ce in wani abu ya faru ni ce rumbun Kawu. Ta fara da Damana, da ta ga ya zauna ta koma Sanam, ta bar ta nan a ƙarshe, kuma kowane wuri sai ta bar tsoho da sabo su yi tafiya tare na ɗan lokaci, tana duba ko bakinsu ya zo ɗaya. Ranar da za a juya babbar ordinatar nan, Yaya ya kira limamin unguwa ya yi addu'a, aka raba dabino. Da aka kunna sai ga hoton wani tsuntsu mai tumbi, bayansa baƙi gabansa fari, zaune ya miƙe ƙafa kamar ya ƙoshi da fura. Yaya ya tambaya ko ana cinsa. Da aka ce masa a ƙasar ƙanƙara yake zama, sai ya ce to ya zo inda zai narke. Mai tsaron ta Sanam bai damu da lissafi ba, kartar da yake bugawa a cikin inji in babu ciniki ita ya nema ya rasa, ya ƙi sakin fuska sai da Anisa ta samo masa irinta. Hafizu kuwa, mai riƙe da makullin mangazar nan, shi ya fi shan wuya. Ashe shekara da shekaru ba karantawa yake ba, wurin dannawa ya haddace. Da maɓallin faktir ya tashi daga dama ya koma hagu, sai ya rantse an sace shi. Haka ta riƙa zaunar da su ɗaya bayan ɗaya tana koya musu, ba ta taɓa ɗaga murya ba, abin da kin san ba a wurina ta gado ba.

Abu biyu ne sabon lojisiyal ɗin bai sani ba. Bai san tiya ba, kilo kawai ya sani, alhali wace mace ce za ta kawo wake daga ƙauye ta yi maka zancen kilo? Sannan in rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, kamar yadda yake yi a Sanam duk lokacin da ya ga dama, sai ya tsaya cik. Tun da shi wannan tsari a buɗe yake, kowa yana iya leƙa cikinsa ya gyara, sai ta zauna ta rubuta masa ƙari da hannunta. Ya koyi tiya da buhu da dami, ya kuma koyi riƙe lissafi a cikinsa har rezo ya dawo sannan ya aika. Komai ya tafi sumul, injunan da ke ɗaukar tsawon dafa shayi kafin su farka suka koma tashi kamar an tsikare su. Na fara cewa a raina an gama, ɗiyata ta zauna.

Ashe ana wata ga wata. Ranar kasuwa, rumfar ƙofar mangaza cike da mutane, Yaya ya ga taro ya samu. Ya kira Anisa da ƙarfi ya ce ta kawo masa faktir ɗin masu Linuks ya sallame su yanzu-yanzu, don shi ba ya kwana da haƙƙin kowa. Har ya sa hannu a aljihu yadda kowa zai gani. Ita kuma baiwar Allah, maimakon ta ce Kawu sai mun shiga ciki, sai ta faɗa masa gaskiya a gaban jama'a, cewa babu faktir. Mutane ne barkatai a duniya suka haɗu suka yi abin, suka ajiye don duk mai bukata ya ɗauka. Tana faɗa tana murmushi, ta zaci albishir ta yi masa. Cikin masu zaman rumfar kuwa har da Alhaji Ibrah ɗan Gwaggo Haske, taubashinmu, wanda mangazarsa ke kallon ta Yaya, kuma kin san tun suna yara Yaya ba ya kiransa da komai sai bawana. Ibrah ya ajiye kofin shayi, ya tambaya a hankali, wai abin da anka aje don mabukata su ɗauka ba da ko dala ba, mi ne sunanai in ba sadaka ba? Ya ɗaga hannu ya yi salati, ya ce ashe ubangidan nasa ya kai ga hakanga bai hwaɗi ma kowa ba, Allah shi ruhe asiri.

Kafin azahar labari ya zaga kasuwa, daga 'yan dabbobi har masu cuku, cewa Alhaji Abdulgafar ya karye, sadakar Turawa yake ci. Washegari Ibrah ya tsallako titi da kansa ɗauke da tiya guda ta gero, ya dire a gaban Yaya, ya ce zakkar gonarsa ce, ya duba duk unguwa bai ga wanda ya fi cancanta ba. Wasan taubashi ba a fushi da shi, dole Yaya ya yi dariya ya ce ɗan mace dama ba ya hankali. Amma ina wurin, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Abin bai tsaya ga wasa ba, don wani mai kawo masa wake daga ƙauye har ya ja Hafizu gefe yana tambaya ko ya fi masa ya kai kayansa wani wurin bana.

Nan Yaya ya yanke hukunci. Ya ce shi tun da uwa ta haife shi hannunsa a sama yake, bai taɓa shimfiɗa shi a ƙasa ba. Kyauta tsakanin manya ba laifi ba ce, amma kyauta sai da tukuici. Ya aika aka sayo masa rago balami, fari tas, ya ɗaure a ƙofar mangaza, ya ce na mai Linuks ne. Anisa ta nemo sunan mutumin da garinsu da lambarsa, ko a bayan teku yake a kai masa. In kuwa abin ba shi da mai shi, to a cire masa shi daga injuna, ya kira mutumin Yamai ya kawo sababbi kowa ya gani, shi ya ci gaba da kula da su. Ma'ana dai gwajin Anisa ya ƙare ke nan. Ta yi bayani har bakinta ya bushe. Ta ce masu hannu a cikin abin sun fi mutanen kasuwar nan yawa, wasu sun mutu, wasu ko sunansu na yanka ba a sani ba. Ta ce akwai inda ake tura gudummawa ta intanet in yana so. Ya ce gudummawar da Ibrah ba shi gani, gudummawar mi ce? Ni ma na sa baki, na ce Yaya ai Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Ya ce wanga karin magana, wanda ba shi da rago ne ya ƙago shi.

Ya sa aka kashe injunan aka lulluɓe su da zane kamar masu takaba, aka koma takarda da alƙalami a tsakiyar kaka, mata na layi da wake, Hafizu na gumi yana ƙirga da yatsu. Ragon kuwa yana nan yana cin harawa yana ƙiba, masu wucewa suna tsayawa su gaishe shi su tambaye shi ko maigidan nasa ya iso. Mutumin Yamai ya ji ƙanshi, ya fara kiran Yaya safe da yamma yana tambayar lafiyar iyali. Anisa ta jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado. Na ga tana wanke kayanta tana ninkewa. 

Sai na zaunar da ita wata rana ina tsintar wake, na ce ta ajiye mini Faransanci ta gaya mini da Hausa: su waɗannan mutane, tun da ba sayarwa suke ba, me ke sa su yi, kuma yaya suke gode wa juna? Ta ce wasu wurin aikinsu ke biyansu, wasu don ra'ayin kansu suke yi, amma al'adar ɗaya ce. Ka ɗauka ka yi amfani, in ka gyara wani abu ko ka ƙara, sai ka mayar inda ka ɗauko don na baya ya samu. Na ajiye faifai. Na ce to shi ne muka zauna Ibrah yana kiran wannan sadaka? Ai gayya ce. Ba ta gane ni ba, don yaran yanzu a baki kawai suka san gayya, ba su taɓa kai wa 'yan gayya ruwa gona ba.

Na dama fura mai kyau da kindirmo, na iske Yaya bayan la'asar shi kaɗai. Ban fara da ordinata ba. Na tuna masa shekarar da Baba ya kwanta ciwo a tsakiyar noma, ke kina goye lokacin, samarin gari suka fito da hauya da ganga suka nome mana babbar gona kafin rana ta take tsaka. Na tambaye shi ko Baba sadaka ya ci ran nan. Ya zabura ya ce Allah shi kiyaye, ai gayya ce, kuma shi da kansa ya bi gidajen nan ɗaya-ɗaya ya yi musu noma daga baya har hannunsa ya yi kanta. Na ce to injunanka ma gayya aka yi maka. Ba a biyan 'yan gayya, ba a bin su gida-gida da rago. Abin kunya ɗaya ne, a nome maka gona, ranar ta wani a neme ka a rasa. Ya ce to shi ina ya ga hauyar noman ordinata? Na ce tana hannunka. Abin tiya da na rezo da Anisa ta rubuta, a mangazarka aka yi shi, kai ka ɗauki nauyinsa. Ka sa ta ta kai shi inda ta ɗauko sauran, duk mai so ya ɗauka.

Ya ɓata fuska, ya ce har da Ibrah? Na ce har da Ibrah. Ya ce wato ya ɗauki abin da ya fi mutum da shi ya miƙa masa, alhali ƙofarsu na kallon juna? Na bar shi da ludayi. Ya sha, ya sha, can sai na ga gemunsa yana motsi. Ya tambaye ni, to in Ibrah ya ɗauka, daga hannun wa ya ci? Kafin in amsa ya riga ya fara dariya har fura ta sarƙe shi, sai da na bubbuga masa baya.

Ranar kasuwar da ta biyo, aka yaye wa injuna zane, aka yanka ragon, aka kira 'yan kasuwa. Anisa ta ɗora aikinta a intanet da sunan mangazar Yaya a sama, nata a ƙasa. Yaya ya sa sanƙira ya zaga kasuwa yana shela cewa Alhaji Abdulgafar ya fita gayyar duniya, duk mai ordinata, daga nan har birnin Sin, ya zo ya ɗiba. Sannan ya sa babbar riga, ya ɗora ɗan kile ɗin nan da ake zuba kayan ordinata a ciki a kan faranti, da cinyar rago a gefe, ya tsallaka titi ya dire a gaban Ibrah, ya ce shi ma ya duba duk unguwa bai ga wanda ya fi cancanta ba. Ibrah ya so ya yi gardama, amma nasa injunan sun fi na Yaya tari. Ya cinye cinyar, daga baya ya aiko a asirce a tambayi yaushe Anisa ke da lokaci. Yaya ya tabbatar da ita a aiki, ya sa kafinta ya yi mata tebur. Masu mangaza daga Abala da sauran kasuwanni suka fara kiranta. Ni kuwa babu gidan suna ko na biki da na shiga ban ba da labarin yadda na juya Yaya da ƙwaryar fura ba, har mata suka fara tashi ɗebo ruwa in sun ga na gyara zama.

To ai kin san tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ni da na ce a kai abin inda kowa zai gani, ban tsaya na tuna cewa kowa bai ƙare a Filinge ba. Wani kamfani a nan garinku, masu aiki da ƙungiyoyin manoma a ƙauyukan da rezo ke yi musu wasa irin na Sanam, suka ɗauki abin da ta rubuta suka gwada, ya yi musu daidai. Suka rubuto suna godiya. Suka yi tambayoyi, ta amsa. Saƙon da ya biyo ba tambaya ba ce, kira ne: ta zo ta riƙe musu aikin kwashe injunansu zuwa Linuks, da wasu ma'aikata a ƙarƙashinta. Ba ta gaya mini ba. A bakin Yaya na ji, ya shigo yana huci, wai shi ya kai hauya gayya, mutanen Abijan suna so su tafi da ita. Kafin ya kai ƙofar fita kuma ya koma alfahari, yana cewa a je a gaya wa Ibrah ɗiyarsa ce Abijan ke roƙo.

Da na tambaye ta, sai ta ce ai ta riga ta yanke shawara ba za ta je ba, wa zai riƙa shafa mini man zafi a gwiwa? Tana faɗa tana murmushi, irin murmushin da mahaifinta ke yi in ya ce ya ƙoshi don yara su ci. Na zuba mata ido na 'yan kwanaki. Tana zuwa aiki tana dawowa, ana gaishe ta a hanya, teburinta sabo. Amma babban aikin ya ƙare, abin da ya rage mata sai sa wa amprimanti, injin buga faktir, takarda da nuna wa Hafizu hagu da dama. Na ƙare ƙuruciyata ina gaya wa 'ya'yan mutane a aji su yi karatu su bi shi inda ya kai su. Ban ga bakin da zan ce wa tawa ta zauna gadin gwiwa ba. Na kira ta na ce ta rubuta musu tana zuwa, in ta ƙi ban yafe ba. Ta yi kuka. Ni ban yi ba, sai dai na shiga madafa na hau yankan albasar da ba ni da abin yi da ita.

To ga roƙon. Za ta taso in ta gama na Ibrah, su za su ɗauki nauyin jirgi, ita za ta gaya miki ranar da bakinta. Sun ce za su ba ta ɗaki, ni ban yarda ba. Ina so ta sauka a gidanki ko da na watannin farko ne, in Malam Salisu ya amince, kuma ki roƙa mini shi da kyau. Ba ta da fitina. Sai dai in ta zauna gaban inji tana manta tana da ciki, sai an ajiye mata kwano a kan maɓallan. Ba ta cin yaji sosai, kuma in ta ce miki ba komai, to akwai komai. Ki nuna mata hanya da mutanen kirki, ki yi mata faɗa in ta yi abin faɗa, kada ki ce 'yar yayarki ce. In ta tambaye ki me na rubuto, ki ce murna nake yi, don ba ƙarya ba ne. Ina murna, Allah ya sani, sai dai murnar tana da nauyi, kuma ina tsoron shirun gidan nan. Yaya shi hankalinsa kwance, don ta nuna masa cewa daga can ma tana iya shiga injunansa ta duba lafiyarsu ta gyara, in dai akwai rezo. Na tambaye ta ko 'yan gayyar nan sun ƙago wanda ake duba tsohuwa da shi daga nesa. Ta ce ba su kai nan ba tukuna.

Ki gaishe mini da Malam Salisu da girmamawa, da Ummul da Moussa, da ƙaramar Hauwa, ki ce mata ta matsa wa yayarta wuri a gado. Yaya Abdulgafar da iyalinsa suna gaishe ku, haka Gwaggo Haske da Ibrah, da Safi da ke tsaye a kaina da waya tana jira in gama. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri. Abin da ya rage mini ne nake aiko miki, ki riƙe mini amana.

Taki har kullum, yayarki,
Kubura.